Shaidar da Na Ɗauka a Gaban Suruki

Jiya na ji ɗayanku yana cewa aikin sakataren kwamitin ladabtarwa ai ba aiki ba ne, mutum ya ajiye waya a kan tebur ta ɗauki magana, in an tashi ya kwafe. Ban tanka masa ba, don ni ma da irin wannan bakin na shigo. Shekara ashirin da 'yan kai ina riƙe da rijistar nan a asibitinmu, kuma tunda wata biyu ya rage mini in ajiye aiki, gara ku zauna ku ji yadda ake yin sa tun ina nan.

A hannun Malam Bawa na koya, Allah ya jiƙansa. Dogon tsoho ne mai ƙarancin magana, wanda ya yi akawun kotu kafin a kawo shi asibiti. Ranar da aka haɗa ni da shi ya jera mini kayan aiki a kan tebur: keken rubutu, takardar kabon, rijista mai baƙin bango, ƙaramin littafin da ake sa hannu in an karɓi takarda, tawadar dangwale, da akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Na miƙa hannu zan taɓa keken rubutun, ya ture hannuna ya ba ni ƙaramin littafin. Wata shida ban leƙa ɗakin zama ba, aikina kai takarda kawai.

Takardar farko da na kai ta wani likita ce da aka tuhuma da barin asibiti ranar aikinsa. Na je gidansa ban same shi ba, aka ce yana gonarsa a Kurgu. Na ba matarsa, na dawo ina jin na gama aiki. Malam Bawa ya buɗe littafin, ya ga babu sa hannu.

"Umaru, wa kab ba takarda?"

"Na ba matatai."

"Matatai anka tuhuma?"

Ya ce in koma in karɓo ta, in bi mutumin har inda yake. Na hau keke da rana tsaka na tafi Kurgu, na same shi cikin gero, ya sa hannu yana zagina. Da na dawo Malam Bawa ya ce daga yau ne kwanakin da aka ba shi na amsawa suka fara, ba daga jiya ba, domin mutum ba ya kare kansa daga abin da bai gani ba.

A haka na tsinci sauran ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, galibi bayan na karya su. Dole a rubuta wa likita laifin da ake tuhumarsa da shi dalla-dalla, da rana da sunan majinyaci, ba a ce masa kawai ya yi sakaci ba. Dole a bar shi ya ga katin majinyacin da takardar ƙorafi kafin ranar zama. Wanda ya kai ƙara ba ya zama cikin masu yanke hukunci, ko da shi ne babban likita. Mun taɓa ɗage zama mako uku saboda an gano ɗaya daga cikin 'yan kwamiti yana neman auren ƙanwar mai ƙorafi. In shaida ya gama magana, a karanta masa abin da aka rubuta da harshen da yake ji, sannan ya sa hannu ko ya dangwala. Nan ƙasar kuwa harshe ba ɗaya ba ne. Mai zuwa daga Kaoje daban, Bafulatanin ruga daban, wanda ya ƙetaro daga Benin da Dandanci a bakinsa daban. Ni na tashi cikin Fulani, kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, don haka tafinta ma ya hau kaina ba tare da an ƙara mini ko sisi ba.

Amma ƙa'idar da Malam Bawa ya fi matsa mini a kai ita ce ta baki. Kafin shi an yi wani sakatare da ya riƙa sa baki a zama, ya gyara wa shaida magana, ya tuna wa shugaba abin da ya ga dama, har ya kuɓutar da ɗan garinsu ya kifar da baƙo. Saboda haka ranar da zan fara shiga zama Malam Bawa ya tsayar da ni a bakin ƙofa.

"Kai ba alƙali ba ne, kai ba shaida ba ne. Abin da anka hwaɗi shi za ka rubuta. Kak ka ƙara, kak ka rage, kak ka sa baki ko mi kag gani."

Na riƙe wannan magana da hannu biyu, har aka san ni da ita.

Ku kuma sani aikin nan yana raba mutum da mutane. Da ina da majalisa a gindin dalbejiyar bakin asibiti, inda ake cin tsire bayan la'asar. Da na fara riƙe akwatin ƙarfe, in na doso sai hira ta koma ta farashin shinkafa. Likitoci suna ganin ni ɗan leƙen asirin ofis ne, ofis yana ganin ina tausaya wa likitoci. In na yi wa nas sallama da safe sai ta dubi hannuna tukuna, ko da takarda. Biki ba a cika gayyatata ba, jana'iza ce kawai nake zuwa ba a kira ni ba. Na saba cin abincina a ofis, ƙofa a rufe. Ba na cewa abin bai dame ni ba, ya dame ni ƙwarai, sai dai mutum yana sabawa.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce ta babbar ambaliya, wadda kogi ya shanye shinkafar Kaoje tana gab da nuna. Lokacin Malam Bawa ya riga ya rasu, ni kaɗai ne a ofis. Mutane suka baro fadama suka taru a makarantu, zazzaɓi da gudawa suka biyo su. Ɗakin yara ya cika har ana shimfiɗa tabarma a baranda. Likita ɗaya muke da shi a lokacin, Dakta Nasiru, saurayi ɗan birni wanda ya tashi a Kaduna. Shekararsa biyu a wurinmu, kuma ya riga ya sami gurbin tafiya karatun ƙwarewa a kan ciwon yara, takardar sakinsa kawai yake jira. Yana da gaggawa, yana da faɗa, kuma rubutun kati bai dame shi ba in layi ya yi tsawo. Na sha gaya masa wata rana katin nan zai ci shi, sai ya yi dariya ya wuce.

Cikin wannan hali aka kawo wani yaro ɗan shekara uku daga wata ruga ta bakin iyaka. Uwarsa Dije ce ta goyo shi, tare da kakansa na wajen uba, Arɗo Buba, domin uban yana can cikin Benin da shanu. Zazzaɓi ya cinye wa yaron jini. Aka sa masa ruwa da safe. Da azahar aka duba gadon ba kowa. Yaron ya rasu a hanya kafin su isa gida.

Bayan mako biyu takardar ƙorafi ta iso, wani ɗan siyasar yankinsu ya sa an rubuta wa Arɗo. Ta ce likita ya sallami yaro alhali bai warke ba, don a sami gado. Na kai wa Dakta Nasiru takardar tuhuma hannu da hannu, ya sa hannu. Amsarsa ta ce bai sallami kowa ba, ya gaya wa uwar yaron da bakinsa cewa sai an ƙara masa jini, kada su tafi, ya wuce neman wanda zai bayar. Muka ɗauko kati. Ba maganar jini a ciki, ba maganar sallama, sai sunan maganin safe. Nas ɗin da ke aiki ranar ta ce yara sun fi ƙarfin idonta, ba ta ji ba, ba ta gani ba. Ya zama duk duniya mutum ɗaya ne ya san abin da likita ya faɗa, ita ce Dije. In ta gaskata shi ya fita, ya tafi karatunsa. In ba haka ba, sakaci da rai zai shiga fayil ɗinsa, abin da ba ya gogewa.

Ni na shirya ɗakin zama, kamar kullum. Tebur ɗaya na 'yan kwamiti, kujerar likita a gefe, benci ɗaya na masu ƙorafi. Shugaban zaman daga birni aka turo shi, mutumin kirki ne, amma tun da ya zauna yake duban agogo, don an ce ruwa na gab da rufe kwalbatin hanya. Arɗo Buba ya fara magana, ina fassarawa ina rubutawa. Ya ce ya fita neman nono, ya dawo ya tarar ledar ruwa ta ƙare an cire allura, ga wata mata tsaye da ɗanta tana jiran gado. Ya ce ai wannan sallama ce. Yana magana hawaye na bin gemunsa, bai share ba.

Da ya gama, sai ya koma kan bencin ya zauna. Ƙa'ida ta ba mai ƙorafi damar zama ya ji shaida, amma ta ba shugaba damar fitar da shi in zamansa zai hana shaida sakewa. Ana yayyafi a waje, ga shi tsoho, ga shi mai sarauta. Ba wanda ya ce ya fita. Aka kira Dije, ta shigo ta ga surukinta a kan benci, sai ta tsuguna a ƙasa can jikin ƙofa, ta juya masa gefe, ta ja mayafi ta rufe fuska.

Tun a nan na san abin da zai faru. Yaron ɗan farinta ne. Bafulatanar ruga ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ta san shi a gaban mutane, ko rasuwa ya yi ba ta kuka a gani. Ga kuma surukinta zaune, wanda ko ruwa ba ta sha a gabansa, balle ta buɗe baki ta ce ba haka aka yi ba. Shugaba ya san kunyar ɗan fari a baki, irin ta birni da ake yi ana dariya, bai san mai hana magana ba.

Ya ce in tambaye ta ko ita ce uwar yaron. Na tambaya. Ta ƙara sunkuyar da kai. Ya ce in tambaye ta ko likita ya ce kada su tafi. Na tambaya da Fulatanci, a hankali, har sau biyu. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Mi anndaa," wato ban sani ba.

Dakta Nasiru ya miƙe. "Ranka ya daɗe, ita ce. A gefen gado na gaya mata, har na nuna mata jijiyar hannuna don ta gane jini nake nufi. A sake tambayarta."

Aka sake, ta sake ba da amsar nan. Shugaba ya dubi agogo, ya dube ni.

"Sakatare, rubuta. Shaida ta ce ba ta sani ba."

Kalma goma ta ishe ni. In ce, ranka ya daɗe, a fitar da tsoho, a kawo mace ta tambaye ta. Har na buɗe baki. Sai na tuna ni ba alƙali ba ne, ni ba shaida ba ne, kuma shekara goma sha wani abu ban taɓa sa baki a zama ba, abin da ake yabona da shi ke nan. Na sunkuya na rubuta. Na karanta mata, ta miƙo yatsa ta ƙarƙashin mayafi ta dangwala. Kafin la'asar an tashi, shugaba ya tsallake kwalbatinsa lafiya.

Kowace takarda ta wannan shari'a daidai take. An kai tuhuma a kan lokaci, an ba shi kati ya gani, an ji kowane ɓangare, an karanta, an dangwala. In kuka buɗe akwatin nan kuka duba ba za ku sami kuskure ko ɗaya ba. Kwamiti ya same shi da sakaci, aka dakatar da shi, aka janye takardar sakinsa, gurbin karatu ya wuce ga wani. Ni na buga hukuncin a keken rubutu, ni na kai masa, ya sa hannu a ƙaramin littafi bai dube ni ba. An gaya masa yana da damar ɗaukaka ƙara, ya ce da wace shaidar. Da wa'adin dakatarwa ya cika bai dawo ba, sai takardar ajiye aiki. Asibiti ya yi wata huɗu babu likita.

Tun daga wannan zama na canza abu ɗaya a aikina, kuma shi nake so ku ɗauka. Kafin a shiga, ina zuwa wurin shugaba in gaya masa wane ne wane: wannan surukin wannan ne, wannan yayan mijin waccan ne, wannan ba zai yi magana a gaban maigidansa ba. In an shiga kuma na ga shaida ya ƙulle, ina ɗaga hannu in nemi izini in faɗi abin da na lura da shi, in rubuta a rijista cewa sakatare ya yi magana, ga abin da ya ce, don kowa ya gani. Malam Bawa ya hana ni gyara wa shaida magana, kuma yana da gaskiya. Ni ne na faɗaɗa abin har ya zama ko ɗaki yana cin wuta ba ruwana. Wannan ba laifinsa ba ne.

Da rani ya yi, wata ranar awon ciki, Inna Yalwa mai share ɗakin haihuwa ta leƙo ofishina. Ita ma Bafulatana ce, tsohuwa, ta fi kowa daɗewa a asibitin.

"Malam Umaru, taho. Yarinyar ga ta wancan zama tana nan, ita ɗai taz zo. Tana tambayar ina likita yat tahi."

Na ɗauki takarda da tawada na bi ta bayan ɗakin haihuwa. Dije tana zaune a ƙasa da ciki. Ban matsa ba, na tsaya bayan katanga inda ba ta ganin fuskata, Inna Yalwa ta zauna kusa da ita suna magana kamar ba kowa. Ba ta kira sunan yaron ba ko sau ɗaya, "wancan" take cewa. Ta ce likita ya zo, ya nuna hannunsa, ya ce jini, ya ce kada a tafi, ta gane sarai. Da ruwa ya ƙare wata ma'aikaciya ta cire allura ta wuce. Tsoho ya dawo ya ce a tashi, an gama, ga ruwa yana tasowa za a rufe mashiga. Ta ce ta nemi wata mace da za ta aika ta gaya masa, duk wadda ta duba tana fama da nata ɗan. Sai ta goya ta bi shi. Inna Yalwa ta tambaye ta ko tsoho ya sani yanzu. Ta ce bai sani ba, har yau yana cewa likita ne.

Na rubuta duka, Inna Yalwa ta maimaita mata, ta dangwala. Da kuɗin motata na kai takardar birni. Aka karɓe ni da mutunci, aka ce shari'a ta rufu, ba mai buɗe ta sai wanda aka hukunta, da hannunsa. In ya nema kuwa, za a yi sabon zama, a sanar da mai ƙorafi, a karanta masa sabuwar shaida, a ba shi damar tambayar mai ba da ita. Ƙa'ida ce, ni ma da ita zan yi aiki in ni ne.

Sai da na yi wata biyu ina cigiya kafin wani direba ya ce ya ga Dakta Nasiru a Dole Kaina, yana aiki a wani ƙaramin asibitin kuɗi a bayan kasuwa. Ranar Asabar na hau mota zuwa Lolo, na shiga kwalekwale na ƙetare. Ranar kasuwa ce, ga Dandawa, ga Zabarmawa, ga buhunan shinkafa ana ta saukewa. Na sami wurin, ɗaki uku ne da rumfar kwano. Na bi layi kamar kowa, don ban san da wane baki zan ce a yi mini iso ba.

Ya rame, ya tara gemu. Ya gane ni nan take, ya dubi hannuna, sannan ya nuna mini kujerar majinyaci. Na miƙa masa takardar. Ya karanta har ƙasa, ya koma sama ya sake.

"Malam Umaru, ran nan ka san abin da ya hana ta magana?"

"Na sani, likita."

"Tun tana shigowa?"

"Tun tana shigowa."

Na so ya zage ni, da ya fi mini sauƙi. Na yi sauri na ce masa hanya a buɗe take, ya rubuta neman a sake zama, ni zan buga, ni zan kai, ni zan tsaya in faɗi abin da na yi. Sunansa zai wanku, wataƙila ma a sake ba shi gurbin karatu.

Ya ce, "In an sake zama, tsohon zai zo?"

Na ce dole a kira shi.

"A karanta masa wannan?"

Na ce dole.

"Ita kuma a gidansa take."

Na ce a gidansa take, ta kusa haihuwa.

Ya ninke takardar yadda na kawo ta, ya ɗora a kan tebur ya turo mini.

"Wato in wanke kaina, sai an zaunar da tsoho an gaya masa shi ya ɗauke jikansa daga kan gado, kuma surukarsa ta sani ta yi shiru. Daga nan su koma ruga ɗaya su zauna. A'a. Ni aƙalla na san ban sallami yaron ba. Bar shi ya ci gaba da cewa ni ne."

Na ce, "Likita, abin yana cikin fayil ɗinka har abada."

"Na sani. Ran nan ne abin yake da sauƙi, Malam Umaru, da an ce tsoho ya ɗan fita, a tambaye ta a bi da maganar a hankali. Yanzu ya yi tsada."

Ya tambaye ni ko an sami wani likita a ɗakin yara, na ce an samu. Ya ce madalla. Ya leƙa ƙofa ya ce mai bi ya shigo, wata mata ta shigo da yaro a kafaɗa, dole na tashi na ba ta kujerar. Na tsaya a rumfa na ɗan jima ko zai fito, layi bai ragu ba. Na sa takardar a aljihu na gangara bakin ruwa, na jira kwalekwale ya cika.